Keken Da Ya Zo Tsirara

Kwanakin baya na bi ta Ƙofar Kwaya zan je gaisuwar rasuwa, na tarar babu rumfar Baba. An share wurin tas, an kafa wata kwantena mai fenti ruwan ɗorawa inda ake cajin waya. Itacen bedin da ke yi mata inuwa ma an sare shi, sai kututture, wani saurayi na zaune a kai yana latsa waya. Na tsaya ina kallo har ya tsargu ya ce, “Hajiya, caji ne?” Na ce a’a. Mutane in sun tsaya a inda iyayensu suka yi rayuwa, hawaye ke zuwa musu. Ni haushi ne ya fara zuwa min, irin wanda na ɗauka ya daɗe da hucewa, kuma duk a kan wani guntun keke ne da tsayinsa bai kai ƙugun babban mutum ba.

A da, tun kafin ka ga rumfar za ka ji ta. Famfo na huci, sifana na faɗuwa a kan faranti, ana gwada ƙararrawa, yara na gardama a kan wa ya riga wa. Baba mai gyaran keke ne, kuma yana ba da haya. Yaro zai zo ya cire takalmansa ya ajiye a gindin bedi, su ne jinginarsa, Baba ya ja layi a ƙasa da yatsa ya ce in inuwa ta kawo nan ya dawo. Ba agogo, ba rubutu. Wanda ya makara zai tarar an rataye takalman a reshe, sai ya yi famfon taya ya fanshe su. Ni aikina kai masa abinci da rana, in zauna a kan benci in riƙe masa tiyub a cikin bokitin ruwa muna neman inda kumfa zai fito. Yanzu in taya ta sace, jefar da tiyub ɗin ake yi a sayi sabo. A lokacin akwai tiyub ɗin da faci ya fi robar asali yawa a jikinsa, kuma yana kai mai shi gona ya dawo da shi.

Baba yana da wata al’ada da duk unguwa ta sani. Duk keken da ya zama nasa, ba ya fita sai an yi masa abin da yake kira sutura: birki gaba da baya, ƙararrawa, madubi, marfin taya mai tare taɓo, kariya, da fitila mai ɗauko wuta daga tayar baya ta wata siririyar waya. Sannan ya naɗe ƙarfen da leda mai launi. Yakan ce shi ba ya sallamar keke tsirara, don in ya wuce a titi mutane za su tambayi rumfar wa ya fito. Birki kuwa, nan ne ba a yi masa wasa. Ya taɓa bin wani malamin makaranta da gudu har bakin titi, ba abokin cinikinsa ba ma, don kawai ya ji birkinsa na kuka.

Shekarar da sojoji suka tattara suka koma bariki ita ce shekarar da na gama sakandare. Bangon kowa ya cika da hotunan masu neman ƙuri’a, motoci masu lasifika na yawo tun safe, ana ta raba babura. Samarin da jiya suke ajiye takalmi a gindin bedi suka wayi gari ’yan acaba. A cikin irin ayarin kamfen nan ne, ban ma san na wace jam’iyya ba, wani da bai gama koyon babur ba ya kwashe Baba a bakin rumfarsa yana tsugune yana ɗaura taya. Ina tafe da kwanon abincinsa a ka, saura kaɗan in iso. Ni na fara kaiwa gare shi. Ƙwaurinsa na hagu ya karye, tafin ƙafar na kallon inda ƙafa ba ta kallo. Ba zan ƙara bayani a kan wannan ba, don har yanzu in na tsaya a kai, alƙalamin ba ya zama a hannuna.

Mahaifiyata ta rasu tun ina firamare. A gidan daga ni sai Baba sai Gwaggo, yayarsa, wadda tsufa ya riga ya zaunar, aikinta kaɗin auduga a ƙofar ɗakinta da faɗa da kaji. Saboda haka jinya a kaina ta faɗo. Aka ɗauko wani maɗori daga Ƙofar ’Yandaka, ni aka sa na danne kafaɗun Baba lokacin da ya ja ƙafar, kuma na ji ƙarar da ƙashi ke yi in ya koma mazauninsa. Daga nan sai watanni na ɗaukar buta da kaskon bayan gida, dafa ruwan gashi, shafa man shanu, juya mutum a kan tabarma. Ƙawayena na zaman jiran sakamako, ni ina koyon yadda ake ɗaga namiji babba ba tare da an motsa karan ɗori ba. Ranar da aka kwance ɗorin, maɗorin ya daɗe yana latsa wurin, sannan ya ce a gabana, “Malam, ƙashi ya kama, amma kamun tsufa ne. In ya sake karyewa nan wurin, kada a aiko mani, ba ni da abin da zan ɗora. Sai dai asibiti, su kuma yankewa za su yi.”

Baba ya ce, “To.”

Na daɗe da sanin irin wannan “to” ɗin. Ita yake ce wa mai keke in yana koya masa gyara.

Fitarsa ta farko mai nisa, Babbar Kasuwa ya je sayen tiyub da gam. Sai ga shi da la’asar yana turo wani ɗan keke, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Ban taɓa ganin irinsa ba. Tayoyi ƙanana masu kauri, sirdi can ƙasa, kai mai faɗi da tsawo, ga wasu guntayen ƙarafa sun fito a tsakiyar kowace taya dama da hagu. Ba birki ko ɗaya, ba ƙararrawa, ba komai. A wurin masu gwanjo ya gan shi. Ya ce yaron shagon ne ya hau don tallata shi, ya ɗan yi gudu, ya ɗaga tayar gaba sama, ya saki kan keken ya wulwula shi, kan da tayar suka zagaya gaba ɗaya kamar katantanwa, suka dawo hannunsa kafin tayar ta taɓa ƙasa. Baba ya ce a ba shi ya gwada. Yaron ya yi dariya ya ce, “Baba, wannan ba na masu furfura ba ne.”

Gwaggo ta ɗago daga kaɗinta ta ce, “To ai gaskiya ya hwaɗa maka.”

“Yaya, ni fa ina tsaye bisa sirdi na raka amarya tun daga nan har Ƙofar ’Yandaka. Lokacin uban yaron nan ma ba a yaye shi ba.”

“Lokacin ƙafarka ma ba a ɗora ta da kara ba.”

“Ke dai ki yi kaɗinki.”

Ni dai na ɗauka wasa ne, irin na dattijon da ya gaji da kwanciya. Da na ga ya kwana biyu yana yi wa keken sutura, hankalina ya ƙara kwanciya, na ce haya zai sa shi. Yana aikin yana zagin masu gwanjo, wai sun tuɓe keke sun sayar da kayansa daban. Ya ɗaura birki gaba da baya, ya ja wayoyinsu tsaf, ya sa fitila da tata wayar, ya sa madubi biyu. Guntayen ƙarafan nan ya ce na goyo ne, saboda haka ya ƙara masa kariya. Keken ya fito kamar ɗan yaye da aka yi wa kwalliyar salla.

Washegari, gari na fara haske bayan sallar asuba, ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min.

“Uwata, taso ki gyara mani tsakar gida.”

Wai a gida zai koya, kada mutanen unguwa su ga faɗuwarsa. Na kawar da turmi, na kwance igiyar shanya, na kora kaji, na yayyafa ruwa don ƙasa ta kwanta. Ya tattare rigarsa ya cusa a wando, hularsa kuwa ya ce ba ta da laifi, tana nan a kansa. Sannan ya ba ni aikina.

“Ke dai tsaya hagu. In kin ga na taho, ki tare.”

Ni a lokacin iska mai ƙarfi tana iya mayar da ni gida. Ni ce aka tsayar tsakanin mutum da keke da ƙasa, in kare ƙafar da maɗori ya ce ba ta da ɗori na biyu.

Yaran yanzu in suna son koyon irin wannan, waya suke buɗewa, su kalla, su tsayar, su mayar baya, su ga inda hannu yake da inda gwiwa take, har da hular kwano da abin ɗaurawa a gwiwa. Baba gani ɗaya ya yi, a tsakiyar kasuwa, cikin fushi. Da wannan ganin ya riƙa tashina kullum. Zai taho daga bakin zaure, ya matse sirdi da gwiwoyi, ya ja kan keken sama. Ɗaga tayar bai ba shi wuya ba, wannan kam jikinsa bai manta ba. Amma da ya wulwula kan, sai ya tafi rabi ya tsaya cak kamar an cafke shi, tayar baya ta ƙame, keken ya tunkuɗo shi. Wani lokaci ya dira da ƙafar dama. Wani lokaci ya dira a kaina. Kafaɗata ta yi tsami, gwiwar hannuna ta sale, har ƙawata da ta zo ta tambaye ni ko faɗa nake yi da wani.

Kullum da abin da yake ɗora wa laifi. Yau boris ɗin cikin wuyan keken ne ya bushe, ya kwance kan keken ya cika shi da giris. Gobe ƙasa ce ta yi santsi, na cika ruwa. Jibi na rage ruwan, ta yi ƙura. Ran nan kaza ce ta gitta. Har numfashina ya taɓa zama laifi.

“Uwata, wanga nishi da kike yi shi ke ruɗa ni.”

“Baba, tsoro nake ji.”

“To ki ji shi a ciki.”

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na ɓoye famfo, na manta mutumin famfo ne sana’arsa. Na sace iskar tayoyin, kafin in gama wanke tukunya ya mayar. Na tafi har Ƙofar ’Yandaka na sami maɗorin yana gasa wa wani hannu, na gaya masa. Ya ce, “Ɗiyata, na hwaɗa mashi, ke ma kin ji. Ni ƙashi nake ɗorawa, ba ni ɗora kunne.” Na sa aka gaya wa liman. Liman ya zo har zaure, suka daɗe a gaisuwa, ya gida, ya jiki, ya ƙafa, ya kasuwa, ya muka ji da sabuwar gwamnati. Ina laɓe ina jiran nasiha. Da ya tashi tafiya sai na ji yana cewa, “Malam, ranar da kan ya zagayo dai a kira ni.”

Wata safiya bayan Baba ya tafi rumfa, na zo shara, na kama keken zan matsar da shi. Kan ya juya a hannuna, ya tafi rabi ya tsaya. Na duba. Wayar birkin baya da wayar fitila sun naɗe a wuyan keken, sun ja, birkin ya damƙe taya. Na mayar da kan, suka saki. Na sake juyawa, suka sake kamawa. Ashe ba boris ba ne, ba kaza ba ce, ba nishina ba ne. Suturar ce. Masu gwanjo ba su tuɓe komai ba, haka aka yi keken don kansa ya zagaya ba abin da ya riƙe shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a cikin kekuna bai gani ba, saboda a wurinsa wayar birki kamar jijiya take, ba a ma tunanin keke ba tare da ita ba.

Na jingine keken na ci gaba da sharata, kuma ban gaya wa kowa ba. Har yau ban ga laifina ba. Muddin wayoyin na nan, abin ba zai taɓa yiwuwa ba, wata rana dole ya gaji. In kuwa ya gane, birkin zai cire, ya hau keke marar birki da wannan ƙafar, a tsakar gidan da rijiya ke kusurwarsa. Na zaɓi tsamin kafaɗa.

Gwaggo ce ta ɓata min shiri. Ran nan ta fito da wuri da tasar kaɗinta, ta zauna tana kallonsa yana tahowa yana faɗowa. Can ta ajiye mazari ta ce, “Kai wai ba ka da ido ne? Abin da ka ɗaure da zare har biyu kake so ya zagaya? Ai naɗewa yake yi. Dubi wuyanshi.”

Na shiga ƙifta mata ido, ina girgiza kai.

“Ke kuma mi kike ƙifta mani ido? Wani abu ya hwaɗa maki?”

Baba ya dube ni, ya dubi keken. Ya tsuguna ya juya kan a hankali har wayoyin suka kama. Ya mayar, ya sake. Sannan ya ce in rufe ƙofar zaure in sa sakata.

“Kada wani ya leƙo ya ga keke haka a gidana.”

Faɗuwar da yake yi kullum ba ta ba shi kunya kamar wannan ba. Ya cire fitila, ya cire madubai, ya cire ƙararrawa da kariya, yana jera su a kan tabarma kamar kayan mamaci. Da ya zo kan birki sai ya tsaya da filaya a hannu. Na ga dama ta samu, na durƙusa a gabansa.

“Baba, don Allah ka bari. Kai kana tunanin abin da yaron kasuwa ya ce. Ni ina tunanin kasko. Ni na danne ka aka ja ƙafar nan. In aka yanke ta, yaron nan ba zai ma sani ba, ni ce zan sani.”

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya sunkuyar da kai, na ɗauka na ci nasara. Sai ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, “Uwata, tun da na tashi daga kwanciyar nan kowa sannu yake ce mani. Yaran da na koya wa hawa suna riƙe mani hannu in tsallaka kwata. Sau ɗaya nake so. Ya zagayo sau ɗaya a gaban shaida, na bari har abada. Ke ce shaidar.”

Sannan ya kwance birkin.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Yanzu kan na zagayawa, amma yana wuce hannunsa, ko ya dawo a karkace, ko ya doke shi a ciki. Tsayawa kuma sai da jan ƙafar dama a ƙasa, ko bango ya tare shi. Na kife babbar tasa a bakin rijiya na ɗora dutse, shi ma ya ce na ɓata masa fili. Abinci ya daina shiga min. In na rufe ido, tafin ƙafar nan nake gani yana kallon gefe. Sakamakon jarrabawata ya fito a cikin kwanakin, na ci, amma da aka zo gaya min ina tsakar gida ina yayyafa ruwa, abin da na fara cewa shi ne a matsa daga hanyar keke.

Safiyar da abin ya faru, Gwaggo na kewaye. Baba ya taho daga bakin zaure da saurin da ya fi na kullum, na ga ya ja kan sama, sai idanuna suka rufe da kansu. Na ji ƙarar sarƙa ta ɗauke. Na ji wani fuu a iska. Na ji taya ta dira, takalmi ya ja ƙasa, sannan wata ’yar dariya da rabona da jin ta tun kafin ayarin kamfen nan.

“Kin gani, Uwata?”

Na buɗe ido. Yana zaune a kan keken, hannuwansa biyu a inda ya kamata, hula a kai.

“Na gani, Baba. Alhamdu lillahi. Shi ke nan, sauko.”

Ya ƙura min ido. “Ta ina ya juya? Dama ko hagu?”

Na ce, “Dama.”

“Hagu. Idonki rufe yake.”

“Baba, na ji da kunnena. Wallahi na ji ya zagayo.”

“Da kunne za ki ba da shaida? Koma wurinki.”

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da darajar mai sunana. Ya riga ya juya keken ya nufi zaure. Haushin da na ji a lokacin ya kusa fin tsoron, don mutumin nan ya samu abin da yake nema, ƙafarsa lafiya, amma zai sake jefa ta saboda ni ban iya ƙarya ba. Na koma hagu na tsaya. Na sa yatsu na riƙe fatar idanuna kamar mai jiran a sa mata kwalli.

Ya taho. Rigar da ya cusa a wando ta zazzago tana kaɗawa. Ya matse sirdi, tayar gaba ta tashi, ya sake ta, kuma na gani. Kan keken ya bar hannunsa ya tafi hagu, tayar ta bi shi tana walƙiya a hasken safiya, hannuwan Baba a buɗe a iska ba sa riƙe da komai, fuskarsa kamar ta yaro. Kan ya zagayo ya faɗa cikin tafukansa. Tayar ta dira. Ba zan ɓoye ba, abin yana da kyau.

Sai dai ta dira a ɗan karkace, keken ya kwasa ya wuce ni kafin in miƙa hannu, ya nufi rijiya. Na ga yatsunsa sun matsa inda birki yake a da, suka matse iska. Keken ya kwanto hagu. Ƙafar dama na sama, ba ta da amfani. Ya sauke ta hagu, da duk nauyinsa da na keken, ta ja ƙasa ta tono turɓaya, har tayar gaba ta doki tasar da na kife ta yi ƙara.

Ƙarar tasar ta daɗe tana amo. Ni wata ƙarar nake jira, wadda na sani. Baba na tsaye a karkace, bai motsa ba, ni ma ban motsa ba. Gwaggo ta fito da buta a hannu ta tsaya. A hankali ya zare ƙafar dama ya sauko, ya jingine keken. Ya taka ta hagun. Ya ƙara dannawa. Ya tafi har bakin zaure ya dawo, yana taku irin na mai gwada sabon takalmi.

“Ta ina ya juya?”

“Hagu, Baba.”

“Madalla. Miƙo mani filaya da wayoyin birkin nan.”

Na ce me zai yi da su. Ya ce sutura zai mayar masa, ko so nake ya ba ɗiyan mutane hayar keke ba birki.

“To ai in ka mayar, babu mai iya juya shi kuma.”

“Shi ya sa.”

“Yaron kasuwar fa? Ba za ka je ka nuna masa ba?”

“Yaro ne, mi zan nuna mashi?”

“To Baba, duk wannan wahalar da muka sha, ta mece ce?”

Ya dube ni kamar na yi tambayar da ba ta kamaci mai sakandare ba. “Yanzu in yaro ya zo ya ce in cire mashi birki zai yi katantanwa, in na hana shi, ba zai ce don ban iya ba ne.”

Na juya zan ɗauko filayar, ƙafafuna suka ƙi. Na zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasar da na yayyafa wa ruwa da hannuna, na kasa ko kuka. Baba ne ya sunkuya ya ɗago ni, ya rataya hannuna a kafaɗarsa, ya kai ni ɗakin Gwaggo a kan wannan ƙafar, yana cewa, “Ke kam tsoro ya yi maki yawa, Uwata. Ban san wa kika gado ba.”

Bai sake gwadawa ba, ya cika alkawari. Keken ya shiga haya da birkinsa da madubansa, yara na rububinsa saboda gajarta, ba wanda ya san abin da aka yi shi dominsa. Da ƙafafunsa biyu Baba ya yi sauran rayuwarsa, da su aka kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Na yafe masa tashin asuba, na yafe masa kafaɗata, tun yana raye na gaya masa. Tambayar nan ta dama ko hagu ce dai har yau ban gama yafewa ba.